Likkafanin da Ka Sa Mini a Akwati

Baba,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san ba mai karanta maka wannan takarda. Da ma can Isufu ƙanena ke karanta maka a zaure, yana tsallake inda ya ga dama. Yau ba zaure, ba kai. Amma akwai maganar da ba zan iya yi da mai rai ba, kuma kai ka koya mini hakan.

Bari in fara da gida. Damina ta sake ƙi. Isufu ya rubuto cewa geron garinmu Dogarawa ko gwiwa bai kai ba ya ƙone, an share rumbunanmu har ƙasa. Gidan Kawu Nomau sun ɗaure kaya sun tsallaka Sakkwato. Isufu ya samu ɗaukar buhu a izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, yana komawa gida fari fat, yana tari, kuma shi ke ciyar da kowa. Inna ta rame, amma bakinta na nan. Tana gaya wa matan unguwa wai ɗanta ya zama lokotoro, wato likita, a bakin teku, alhali ko allura ban taɓa yi wa kowa ba. Duka ni suke jira.

Malam Garba ne ya wanke ka, Isufu ya riƙe buta. Ka sha faɗa a gaban mutane cewa duk garin kai kake wankewa, amma kai ni zan wanke ka. Labarin bai iske ni ba sai da ƙasar kabarinka ta bushe. Ya naɗa tsumma a hannu kamar yadda kake yi? Ya sa ganyen magarya a ruwan? Na kasa tambayar Isufu.

Ba ka taɓa tambayata abin da ya sa na nace wa karatun likita ba, ni ma ban faɗa ba. Ka tuna shekarar ƙyanda, da na zo hutu daga lise, babbar sakandare? Kullum ina bayanka da buta, daga wannan gida zuwa wancan. Yaran da ka wanke, wasu a tafin hannunka ɗaya suke ƙarewa. Kana dawowa ka zauna gaban tuwo ka kasa ci. A nan na ƙudura. So nake in rage maka aiki, Baba, shi ke nan dalilina.

Na sha yawon buro a Yamai, ofis bayan ofis, wannan ya buga tambari, wancan ya ce in dawo gobe, har ranar da aka karanta sunana a rediyo cikin waɗanda gwamnati za ta tura waje. Gari ya cika da guɗa. Kai kuwa ka hau jaki ka tafi kasuwar Konni, ka dawo da alawayyo, ka yanka shi likkafani da hannunka, ka shimfiɗa a ƙasan akwatina. Ka ce mai tafiya nesa ba ya barin nasa a gida. Iyayen wasu agogo suka saya musu. Na yi fushi ƙwarai, har na shiga mota ban dube ka da kyau ba.

Ba wanda ya gaya mana yadda ake koyon jikin mutum. Ni a zatona da hotuna ne. Sai aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, warin magani yana sa ido hawaye, ga tebura a jere, kowane da mutum a kwance. Mutanen da suka mutu a asibiti ne, ba wanda ya zo neman su. Aka raba mu, aka ba kowane rukuni nasa, aka ba mu wuƙaƙe.

Da aka yaye mayafin namu, na dubi fuskarsa. Zanen Gobirawa ne a kumatunsa, daga gefen baki zuwa kunne, irin na Kawu Nomau sak. Ga tabon sujada a goshi, ga shaidar ƙahon wanzami a bayansa, ga kantar hauya a tafin hannu. Namu ne, Baba. Wataƙila ɗan ci-rani ne da ya zo sayar da goro ko tallar ruwa. Wataƙila a Bazaga ko wajen Illela akwai tsohuwar da har yau take tambayar direbobi ko sun gan shi. Abokan karatuna ba su ga komai ba sai fata mai tabo. Har suna suka laƙaba masa don wasa, ban taɓa kiran sa da shi ba.

Kai ka koya mini a rufe al'aurar mamaci, a juya shi a hankali domin yana jin abin da mai rai ke ji, a gaggauta kai shi makwancinsa. Ka koya mini mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, ko ga matarsa. Ni kuwa shekara guda na yi ina buɗe bawan Allahn nan. Abin da na gani na zana a takarda, na haddace, na tsaya gaban malamai na faɗa da ƙarfi, aka ce na yi ƙoƙari. Na san hanyar kowace jijiya a hannunsa, ban san sunan da uwarsa ta raɗa masa ba.

Na daina cin nama. Sau da yawa na ɗaure akwati da niyyar gudowa, sai in tuna tarin Isufu da rumbunan nan, in kwance. In na bari, wa zai tsaya wa yaran da ƙyanda za ta dawo nema? In na ci gaba, da wane hannu zan ɗauki buta? Kai kaɗai ne za ka raba mini wannan gardama, ka kuwa tafi a tsakiyarta.

Da shekara ta ƙare, na ji za a zuba abin da ya rage na gawawwakin a akwatuna, babbar mota kamyo ta kwashe. Na je wurin dattijon da ke gadin ɗakin, Musulmi ne, ko da yake ba ma jin harshen juna sai faransanci guntu-guntu. Na roƙe shi. Ya ce in zo ranar Lahadi da hantsi. Tun kafin nan na sa Isufu ya aiko mini da busasshen ganyen magarya a ambulan. Ya ɗauka maganin ciki zan yi.

Na wanke shi, Baba. Na naɗa tsumma a hannu, na yi niyya, na fara da dama, ko da yake sai da na nemi daman. Dattijon ya riƙe mini buta. Abin da na gani a ranar ba zan faɗa ba, ko gare ka. Da na gama, na ɗauko alawayyon nan daga ƙasan akwati. Bakin yadin bai miƙe ba, ka san almakashinka. Har yanzu yana ƙanshin ɗakinka. Ya ishe shi har ya yi saura, domin abin da ya rage ba shi da yawa. Muka tsaya mu biyu muka yi masa salla. Ban sani ba ko ta halatta ga wanda aka yi wa haka. Da kana nan, da ka sani.

Wankan da na yi maka alkawari ke nan, wani ya samu. Ka yafe masa, ka yafe mini. Ashe ka fi ni sanin abin da ake sa wa matafiyi a akwati.

Na ci jarrabawa, zan zauna in gama. Jiya na wuce ta ƙofar ɗakin, na ga an wanke teburan, an kawo sababbi domin 'yan bayanmu. Ban leƙa fuskokinsu ba. Likkafani ɗaya ka ba ni, na kuma bayar, yanzu ni ma ba ni da shi a ƙasar mutane.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sanyaya maka ƙasa. In kun haɗu da wani Bagobiri sanye da yankan hannunka, ka tambaye shi sunansa.

Ɗanka mai riƙe maka buta,
Shaibu