Garin Miyar da Aka Buga wa Sunana

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Yuni, 1999

Zuwa ga aminiyata Miriam, Maman Gideon,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da Malam Ishaku da yara da duk mutanen Pankshin. Yaya sanyin garinku, yaya kuma Malam yake ji da zaman ritaya? Mu nan lafiya lau, Alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ki. Ta ce tun da kuka tashi daga maƙwabtanmu babu mai leƙo ta ta katanga ya tambaye ta kwanan jiki.

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso ta hannun direban nan mai kawo kayan gwari kasuwar 'Yankaba. Karas ɗin da seleri sun zo a kan gaɓa, don na samu na shanya su kafin damina ta kankama. Na yi yadda muka saba ni da ke. Na yanka karas da albasa siri-siri, na baza a faranti a kan rufin kicin, na rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Zogale da lawashi da seleri kuwa a inuwa na shanya su, don kar korensu ya gudu. Sai da komai ya bushe ƙayau, yana karyewa a hannu, sannan na haɗa da kauɗar tumatir da tattasai da tafarnuwa da citta da masoro da 'yar daddawa, na daka na tankaɗe. Ƙamshin har soro. Tun da likita ya hana Inna gishiri da dunƙule, wannan garin ne kaɗai yake sa ta ci tuwo ba tare da mun yi faɗa ba. A asibiti ma, masu hawan jini da nake ɗan ƙulla wa a leda sai addu'a suke yi mana.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma ƙanena Inuwa ne sanadi. Tun da aka ce sojoji za su koma bariki yaron nan ya rufe shagonsa na kayan gyaran babur, ya ɗinka babbar riga, wai shi ɗan siyasa. Ya nemi takara bai samu ba, shi ne yanzu ya kafa wata ƙungiya a Tarauni, wai ta tallafa wa mata, don a san da shi kafin zaɓe na gaba. Ran Juma'a ya zo ya zauna a tabarmar Inna, ya ce yana so matan ƙungiyarsa su riƙa yin garin nan ana sayarwa, a buga sunana a jikin leda, tunda mutane sun yarda da ma'aikaciyar jinya. Na ce masa a'a. Ruwa ya sauka, albasa ba za ta bushe ba, ruɓewa za ta yi. Kuma abin da marar lafiya zai ci ba kayan kamfe ba ne. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke dai ba ki san an shiga sabon zamani ba." Da ba don idon Inna ba, da na nuna masa ƙofa.

Abin da ya ɗan dame ni shi ne matarsa Samira ta taya ni aikin nan bara, ta ga komai. Amma yarinyar tana da hankali, ban zaci za ta biye masa ba.

Ki gaida Malam da Gideon da Ruth.

Ni ce taki,
Uwani

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Agusta, 1999

Maman Gideon,

Ina gaishe ki da duk mutanen gida, da fatan damina ta zo muku da albarka. Ki yi haƙuri da rubutun nan, cikin takaici nake yin sa.

Kin tuna Baba Isyaku, telan nan na Darmanawa da yake ɗinka wa yaranki kayan makaranta? Yana cikin waɗanda nake ba garin miya, saboda zuciyarsa da hawan jini. Shekaranjiya na shiga ɗakin maza a asibiti da safe na tarar da shi a kwance, ƙafafu sun kumbura sumtum, numfashi yana fita da ƙyar. Mutumin da watan jiya ya zo duba jini a kan kekensa yana yi mana barkwanci. Na ja matarsa Ladi gefe na tambaye ta ko ya koma cin gishiri. Ta rantse ta ce ko ƙwaya ba ta saka masa, garina kawai take zubawa, har ma ta ƙara hannu tunda yanzu ana samunsa a kanti. Ta buɗe jaka ta miƙo mini wata leda mai sheƙi. An rubuta a jiki da manyan haruffa: Garin Miyar Sista Uwani, Babu Gishiri.

Miriam, na farke ledar na lasa. Gishiri ne zalla da dakakken dunƙule, sai ɗan jan tattasai da aka barbaɗa don launi. Sai da harshena ya yi zafi. Ladi tana kallona, tana jira in ce mata lafiya. Na ce mata kar ta ƙara zuba masa shi.

Ina tashi daga aiki ko gida ban je ba, na hau acaɓa sai Tarauni. A bayan gidan Inuwa na tarar da mata sun baza albasa a ƙasan rumfa, rabi ta yi baƙi tana wari, ga buhun gishiri a jingine. Samira tana ganina ta shige ɗaki. Shi kuwa gogan naki yana falo da 'yan korensa ana shan lemo. Na jefa masa ledar a cinya. Ko kunya bai ji ba. Ya ce kayan ne suka ƙi bushewa, gishirin shi yake hana su lalacewa, kuma mutane ba sa sayen abu lami. Na ce to me ya sa ka rubuta babu gishiri? Ya ce ai an riga an buga ledojin. Na ce sunana fa? Ya ce sunan gidanmu ne, shi ma yana da haƙƙi a ciki. Da na faɗa masa halin da Baba Isyaku yake ciki, sai ya ce ciwo na Allah ne, tsoho dama yana fama.

Wallahi ban taɓa jin ina son in mari mutum kamar ranar ba. Yaron da na goya a bayana, na wanke wa kashi, shi ne yake gaya mini ciwo na Allah ne, alhali da hannunsa ya zuba gishirin. Na ce ya kwashe kayan nan daga kantuna kafin sati ya zagayo. Ya ce ba zai yiwu ba, sun sa ranar bikin ƙaddamarwa a wata mai zuwa, manyan mutane za su zo, kuma an tanadar mini kujera a gaba, in zo da fararen kayana na aiki.

Tun ranar, duk shagon da na gani daga nan har Titin Gidan Zoo sai na shiga na roƙe su su sauke ledar daga kanta. Wasu sun ji, wasu sun ce in je in sasanta da ɗan'uwana. Ki sa Baba Isyaku a addu'a.

Taki,
Uwani

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Satumba, 1999

Aminiyata Maman Gideon,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta same ni, na kuma ji shawararki cewa in bi abin a hankali ta hannun manya. Na gwada. Ki ji yadda ta kaya.

Inna na fara kai wa ƙara. Ta ce in rufa wa ɗan'uwana asiri, yanzu ya fara samun shiga, kar in zama ni ce na kayar da shi. Na bar maganar a nan. To amma kwana biyu ina lura jininta yana hawa, ga ciwon kai, alhali tana shan magani a kan lokaci kuma ni nake yi mata miya. Ran nan ina gyara mata ɗaki na ɗaga murfin wata kwalla a ƙarƙashin gado, sai ga ledojin Inuwa, wasu an sha rabinsu. Ashe idan na fita aiki sai ta barbaɗa a kan tuwonta.

Na ce, "Inna, kin san abin da ke cikin nan?" Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Na sani mana. Harshena bai mutu ba. Tun yaushe rabona da in ji gishiri a bakina? Kuma ɗana ne ya kawo mini."

Miriam, na fita tsakar gida na tsaya a gindin turmi ina kuka kamar yarinya. Ke shaida ce a kan wahalar da muka sha kafin mu gano haɗin da za ta iya ci, yadda muka yi ta zubar da miya, yadda yatsuna suka yi kanta wajen yankan albasa. Ashe tana sane, kuma shi ma yana sane da ciwon uwarsa ya kawo mata. A nan na yanke shawara.

Ranar bikin na sa fararen kayana kamar yadda ya nema, na tafi. An kafa rumfuna a wani fili a Tarauni, ga maroƙa, ga mata sun yi anko, ga ledoji an jera a kan tebur kamar dala. Inuwa ya gan ni ya washe baki, ya ɗauka na sauko. Bayan ya gama jawabinsa sai aka ce Sista Uwani ta zo ta sa albarka. Na karɓi lasifika. Na yi sallama, na ce ni ce mai sunan da ke jikin ledar nan, amma ban yi garin nan ba, ban yarda a sa sunana ba, kuma cike yake da gishiri. Na ce duk mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda da yake da shi a gida ya zubar da shi yau. Na ce akwai dattijo a kwance a asibiti yanzu haka saboda shi. Na farke leda ɗaya na miƙa wa wani Alhaji da ke kujerar gaba na ce ya lasa. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya nemi ruwa. Kafin in ƙara magana wani ya cire wayar lasifikar.

Wurin ya hargitse. 'Yan korensa suna yi mini ihu, wata mata ta ce baƙin ciki nake yi da ƙanena. Manyan baƙin suka shiga motocinsu ɗaya bayan ɗaya. Inuwa ya tsaya kawai yana kallona, gumi yana zuba a wuyan babbar rigarsa. Ba zan ɓoye miki ba, ya ba ni tausayi na ɗan lokaci. Da na tuna ƙafafun Baba Isyaku sai tausayin ya tafi.

An sallami Baban, amma likita ya ce zuciyar ta yi rauni, ba zai ƙara taka keken ɗinki ba. Ladi ba ta ce mini komai ba sai godiya, kuma godiyar nan ta fi zagi yi mini ciwo.

Ki gaida kowa.

Uwani

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Nuwamba, 1999

Maman Gideon,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam Ishaku da yara. Allah ya sa kun yi girbi lafiya. Kin ji ni shiru, abubuwa ne suka yi mini yawa.

Ledar ta ɓace daga kantuna, ƙungiyar ma ta watse. Inuwa ya koma shagonsa, sai dai ko a hanya muka haɗu yakan kau da kai. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne Inna. Washegarin bikin ta ɗaure kayanta ta ce na kunyata mata ɗa a bainar jama'a, gidansa za ta koma. Na durƙusa na roƙe ta, kawunmu ya zo ya sa baki, ta ƙi. Ɗakinta yana nan a rufe. Wani lokaci in na dawo daga aiki sai in yi sallama a ƙofar kafin in tuna.

'Yan'uwa sun ce in je in ba Inuwa haƙuri don a zauna lafiya. Na ce haƙurin me? Shi ya je Darmanawa ya ba Baba Isyaku haƙuri, mutumin da yanzu yake zaune a ƙofar gida yana kallon wani yana ɗinki a kan kekensa. Har yau bai taka ba. In ya je, ni ma zan je.

Duk da haka kullum da safe kafin in wuce asibiti sai na biya Tarauni na auna jinin Inna. Takan miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, in gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Jinin yana sama, don tukunya ɗaya ake yi wa kowa a gidan. Na yi magana har na gaji.

Jiya da na fito zan tafi, sai na ji ana bina a baya har soro. Samira ce. Tun ranar da ta shige ɗaki ba mu haɗa ido ba. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, na sayi 'yar ƙaramar tukunya. Daga yau zan riƙa yi wa Inna tata miyar daban. Ko kina da na gaskiyar?" Na buɗe jaka na ba ta kwalbar garin da nake yawo da ita. Ta ɓoye a cikin mayafi, ta ce maigidan bai sani ba, kuma ba sai ya sani ba.

Ban yafe wa Inuwa ba, Miriam, kuma ban san ranar da zan iya ba. Amma yau da safe na tarar da Inna tana mita wai miyar Samira ta yi lami, har tana cewa yarinyar ta lalace da girki. Na sunkuyar da kai ina naɗe abin awo don kar ta ga fuskata.

Allah ya sada mu da alheri. Ki shafa mini kan Ruth.

Ni ce aminiyarki har kullum,
Uwani