Ƙwayoyin da Suka Rage a Aljihun Tebur

Litinin, 7 ga Yuli
Zazzaɓin Auta ya dawo, karo na uku cikin wata biyu. Ba ta taɓa yin haka ba sai da na koma aiki nake barinta wurin Goggonta, yayar Maigida. Ban dai ce komai ba.

Laraba, 9 ga Yuli
An gwada jini, na cizon sauro ne. Ƙwaya safe da yamma, kwana uku. Na shaƙo wani wari-wari a rigar Auta. Ko jiƙo Goggo take ɗura mata? "Man zafi ne kawai, Maman Auta," in ji ta. To, Allah ya sa.

Alhamis, 10 ga Yuli
Jiki ya yi sanyi, har tana tsalle a kan kujera. Na ɗauke sauran maganin, ba zan cika cikin 'yar shekara huɗu da ƙwaya ba. Goggo ta bugo wai ina na yau? Na ce ya ƙare. Wannan zaƙewar tata ma abin dubawa ce.

Talata, 22 ga Yuli
Zazzaɓin ya dawo. Na gaya wa Maigida ko ya yi wa yayarsa magana, ko in ajiye aikin.

Alhamis, 24 ga Yuli
Auta ta suma a hannuna, idanu sun juye. An ba mu gado a asibiti. Tsoro ya kama ni.

Juma'a, 25 ga Yuli
Likita ta tambaya ko Auta ta shanye maganin baya duka. Wai in an yanke shi a tsakiya, ciwon lafawa kawai yake yi, ya sake tashi. Maigida ya juya ya zuba wa Goggo ido. Ta kalle ni sau ɗaya, ta ce, "Mu ne muka yi sakaci, Likita." Ya yi ta mata faɗa a baranda, babu ko kara. 
Da na je gida ɗauko kaya na buɗe aljihun tebur. Fakiti uku, kowanne da saura.

Litinin, 28 ga Yuli
An sallame mu. Na kai Auta wurin Goggo da kaina, na ce ta kwana biyu a can, don dai ɗakinta ya fi iska. A bakin ƙofa na ce, "Yaya…" sai maganar ta maƙale. Ta karɓi jakar ta ce in yi sauri kar in makara.
Maigida ban gaya masa ba tukuna. Gobe.