Jinjirin Watan Da Ba Na Sama Ba

Zuwa ga Taiba, sanyin idona, fitilar Damri, wadda murmushinta ya fi ruwan Bakolori sanyi a tsakiyar bazara!

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina hidimar Sallah, ya Inna da jiki? Kwana tara ke nan ban taka zauren gidanku ba. Kwana tara, Taiba! Shinkafar fadama ma idan aka hana ta ruwa kwana tara ai sai ta sunkuyar da kai, balle ni ɗan Adam.

Na ji kina kuka kina cewa laifinki ne. Share hawayenki, kyakkyawa. Hoton nawa ne, hannuna ya yi shi, kuma wallahi ba na jin kunyarsa.

Kin san ni. Aji uku na tsaya a sakandare, na ɗauki tiren nama a kasuwar Talata Mafara ina zagaye tasha. Yau firiza shida gare ni masu aiki da sola, kilishina yana shiga Gusau da Sakkwato. Ba wanda ya koya mini, haka ma wasan kwamfutar nan na tuƙa kumbo. Ni na zauna da biro da takardar naɗe nama ina lissafin mai da nauyi, roka tana tarwatsewa ina sake haɗa ta. Kin tuna la'asar ɗin da na nuna miki a waya yadda take kifewa? Kika ƙyalƙyale da dariya, kika ce na yi mata lodi kamar motar albasa ta Bakura, in rage kaya mana. Na rage, ta tashi! Wace budurwa ce a ƙasar nan za ta kalli roka sau ɗaya ta gano ciwonta? Ranar na tabbatar ke ce matata.

To da kumbon ya fita sararin samaniya, ta tagarsa na hango jinjirin wata siriri, kamar girarki, yana rataye bisa jan gefen duniya. Na ɗauki hoton allon. Lambobi da agogunan tuƙi da ke gefe na yanke su duka, don in ba ki abu tsaf, ba tarkace. Na turo miki bayan shan ruwa, ban ko tuna ranar ashirin da tara ga azumi ce, daren duban wata, ba. Ke kuma alfahari da ni ya sa kika tura wa Mufida ƙanwarki, ita ta sa a guruf ɗin dangi, Yaya Audu, wanki, ya rubuta a ƙasa wai an ga wata a Mafara. Kafin isha'i ya kai Maradun! An ce gwaggonki har ta jiƙa lalle. Alhamdu lillahi ba wanda ya ajiye azumi, mutane sun jira sanarwa.

Zan ɓoye miki ne? Wani sashe na zuciyata ya yi fari. Aikin mahauci ya ruɗi malaman makaranta da masu digiri! Amma ɗaya sashen ya yi baƙi ƙirin da na ji Baba, mahaifinki, ya ce na yi wasa da ibada, ya ɗage gaisuwar iyaye, ya ce kada in ƙara zuwa zance.

Abokaina sun ce in ce a intanet na tsinto hoton. Yaya Audu kuwa, shi da ya yi rubutun, ya aiko in ce wani ne ya saci wayata. Haba! In fara shiga gidan surukai da ƙarya a baki? In yi musun aikin da na yi wata huɗu ina yi dominki?

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zo tare da Baffa Maiwada, ƙanin mahaifina. Zan durƙusa gaban Baba, in buɗe kwamfutar, in harba kumbon a gabansa tun daga ƙasa har watan nan ya bayyana, da lambobinsa duka. Zan ce masa gangancin lokaci nawa ne, yanke hoton nawa ne, ɗiyarsa ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. Sunan Yaya Audu ma ba zai fito daga bakina ba.

Ya turaren zuciyata, inuwar giginyata, abu ɗaya nake roƙo: kada ki sunkuyar da kai a cikin gida saboda ni. Wanda kika zaɓa ba maƙaryaci ba ne, ba kuma rago ba.

Idan Baba ya gama kallo ya ce in zaɓa tsakaninki da kumbo, zan rufe kwamfutar in tura ta gaban tabarmarsa, in tashi hannu biyu babu komai. Sama tana da faɗi, Taiba, amma ba ki cikinta.

Naki, yau da gobe har ranar da za a mayar da ni ƙasa,
Imrana Mai Kilishi, Talata Mafara