Hannu Mai Yatsu Huɗu a Ƙarƙashin Gada

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rubuta Tarihin Hanyoyi da Gadoji,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Sunana Alhaji Garba Maikwalbati, ɗan kwangila, mazaunin Rikkos a nan Jos. Na biyo ta jarida ne don sau uku ina zuwa ofishinka, kullum masinja sai ya ce oga yana mitin.

Wani abokina mai aiki a maɗaba'a ya nuna mini shafin da kuka yi a littafinku a kan gadar bayan unguwarmu. Hoton ya yi kyau, har tabarau na sa. Amma kun ce kamfanin Turawa ne ya gina ta. To, ga yadda aka yi.

1. Gaskiya ne su aka ba kwangilar. Tun ana haƙa na gaya wa injiniyansu cewa wannan rafi ba ya bin zanen takarda. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ci gaba da shan lofensa. Ruwan Agusta na farko ya tafi da gadar, har da allon sunansu.

2. Da abin ya ɓaci, wa suka nema? Ni, wanda ya tsaya a aji biyu na sakandare, ya fara da ɗaukar kwano a wurin haƙar kuza, yau kuma alhamdu lillahi tifofina na kai yashi har Bukuru. Ni da abokina Dung na Anguwan Rukuba, gwanin fasa dutse, muka sake gina ta, muka matsa da ƙafafun gadar zuwa kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Tun daga ranar damina ke zuwa ta gaishe ta ta wuce.

3. Za ka ce ina shaida. Mu magina muna da al'ada, in an gama zubi sai babba ya danna tafinsa a ɗanyen siminti inda ido ba ya kaiwa. A ƙarƙashin gadar, ɓangaren gabas, akwai tafin hagu mai yatsu huɗu. Na biyar ɗin injin kwaɓa siminti ya ci tun ina lebura. Kusa da shi ga gicciyen da Dung ya zana da ƙusa.

Ba lambar yabo nake nema ba. 'Yata Hadiza ta fara koyarwa a firamare bana, kuma an ce makarantu za a raba wa littafin. Ta riga ta gaya wa ajinta babanta ne ya gina gadar da suke takawa kullum. Ba na so ta tsaya gabansu ta karanta da bakinta cewa ƙarya ta yi.

Roƙona, a dakata da buga wannan shafi. A bar sunan kamfanin, ai sun yi ƙoƙari, amma a ƙara layi ɗaya mai sunana da na Dung. Ran Asabar zan aiko Fijo ta ɗauke ka, takalmin roba ma na tanadar maka. Mu shiga ƙarƙashi tare, in sa hannuna a gurbin. In bai zauna daidai ba, a wannan jarida zan ba ka haƙuri.

Allah ya ƙara girma, ya yi wa zuri'a albarka, ya bar maka yatsunka goma cif.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Garba Maikwalbati,
Rikkos, Jos.