Na Taɓa Kwamfutar Auta

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina, har da ƙaramar nan mai cizo. Mu ma lafiya lau, sai gwiwa da ke yi mini gardama da safe. Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san kunnen babarki, ko a banɗaki na yi raɗa sai ta tambaye ni da wa nake magana. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na tsaya, shi ma malamin ne ya gaji da ni.

Na yi ɓarna, Uwata. Kwamfutar Auta na taɓa.

Tun da Allah ya karɓi ƙanenki Auta a hatsarin nan ba wanda ya kunna ta. Tana kan teburinsa, babarki ta lulluɓe ta da zanen gado. Wayarsa a hatsarin ta tafi, taki kuma da kike ajiye saƙonninsa an sace. Duk bidiyon da ya ɗauka, na gida da na aikinsa, a akwatin nan ya tara su. Rannan babarki tana ninke wanki ta ce, "Malam, na fara manta muryarsa." Ni kuwa bakina ba ya shawara da ni. Na ce haba, mutumin da ya tsufa yana kwance injin babur, akwati ne zai gagare shi?

Na jona, na danna. Fanka ta juya, fitila ta kama, amma allo baƙi ƙirin, sai rubutu layi biyu. Sai na tuna Auta yana dukan wani maɓalli da zarar ya kunna, har wani shuɗin allo ya fito wanda yake kira bayos. Ya taɓa ce mini nan ne ake gaya wa inji yadda gaɓoɓinsa za su yi magana da juna. Na daka, ya fito. Har na gyara hula.

Na shiga inda aka rubuta cipset. A wajenmu in inji ya ƙi tashi, sai ka murɗa kowane noti kaɗan, ka kasa kunne. To haka na yi. Abin da ke kunne na kashe, abin da ke kashe na kunna. Da na sake tayar da ita sai ga wani allo daban, ya jero faifan ajiya guda biyu. Na zaɓi wani layi, ta watso mini doguwar tambaya da jan rubutu. Turancina ya ƙare a kalma ta uku. Ni kuma tun ina yaron gareji, in mai dogon turanci ya tambaye ni, yas nake cewa. Na ce mata yas.

Yanzu tana wajen wani mai gyara a layin 'yan waya, mai tabarau, yaron kirki. Ya ce me ya same ta, na ce da kanta ta mutu. Babarki ma abin da na gaya mata ke nan. Ki taya ni addu'a, kuma ki riƙe bakinki.

Ki gaishe da kowa.
Babanki, injiniyan ƙarya

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya yaran? Saƙonki ya iso, na kuma ji faɗan da kika yi mini cikin ladabi. Kin iya, gadon babarki ne.

An dawo da kwamfuta. Mai tabarau da kansa ya kawo ta, ya jona, ya ce ta tashi garau, ya wuce. Babarki ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali kamar mai jiran baƙo, ta jawo kujerar Auta ta zauna. Wannan kujerar da ba ta yarda kowa ya hau. Na kunna. Sai ga hoton wani koren tudu, kyakkyawa, ba mutum ko ɗaya a kansa. Na buɗe nan wayam, na buɗe can wayam. Ta dube ni ta ce, "Ina yake?" Na ce ai injin ya daɗe a kwance, sai ya yi zafi tukuna. Ta ce to. Ta zauna tana jira ya yi zafi, Uwata, hannuwanta a kan cinya, har abincinta ya kama a tukunya.

Washegari na ɗora akwatin a ka na koma shagon. A nan na fito da gaskiya, bayan ta daina amfani. Yaron ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya buɗe akwatin ya nuna mini wani ɗan batir kamar kwabo. Ya ce shi ne ya mutu saboda daɗewa ba wuta, sai inji ya manta saitinsa. Auta ya haɗe faifan nan biyu ne suna aiki kamar ɗaya don sauri, kowane bidiyo rabinsa a wannan, rabinsa a wancan. Layi ɗaya tak ake gyarawa a cipset inji ya tuna haɗin. Kuma wai na dace, cikin murɗe-murɗena na gyara shi. Da na tashi na je shan iska, da yanzu babarki na kallon ɗanta. Tambayar jan rubutun cewa take, a raba faifan? Na raba.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Ya ce ko bayan rabawar komai yana nan, ana iya mayar da shi. Shi da ya ga faifai kamar babu komai, ni kuma na ce da kanta ta mutu, sai ya goge ɗayan ya zuba sabon tsarin kwamfuta a kansa. Ya ce, "Baba, da ka faɗa mini." Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Ni da na kori yara nawa daga gareji don sun ɓoye mini notin da suka karya.

Ya ce zai tona ɗaya faifan ya ga abin da zai tsira, amma kada in sa rai. Na sa. Babarki na ce mata wani kaya ake jira daga nesa. Ta mayar da zanen gadon kan teburin, ko da yake ba komai a ƙarƙashinsa.

Ki shafa mini kan yaran.
Babanki

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan. Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu muna nan.

Mai tabarau ya kira ni. Bidiyo babu ko ɗaya, ya ce rabin kowanne ne ya rage, kuma rabi ba ya buɗuwa. Sai ƙananan abubuwa da suka faɗa faifai ɗaya cif. A cikinsu akwai sauti guda, bai kai tsawon gaisuwa ba. Ya sa mini abin ji a kunne, ya fita wai zai sayo ruwa.

Ranar da Auta ya sayo sabuwar makirfo ce, yana gwada ta. Ya ce, "Ɗaya, biyu, ana ji na?" Sai ga wani tsohon banza ya faɗo ɗakin yana cewa, "Ana jin ka har ƙarshen layi, kai da ko kaza ba ta tsoron muryarka!" Ya ci gaba da zuba, yana ba kansa dariya. Ni ne. Can ƙarƙashin surutuna Auta ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya ce, "Baba, don Allah mana." Shi ke nan, ya yanke.

Na tambayi yaron ko zai iya cire muryata ya bar tasa. Ya gwada. In ya cire ni sai dariyar ta tafi tare da ni.

Ya zuba mini shi a wayata, ya ƙi karɓar ko kwabo. Tun daga ranar nake yawo da ita a aljihun gaba, ina tsoron ko hannuna ya taɓa ta.

Kin ce za ki zo ki gaya wa babarki da kanki. Allah ya yi miki albarka, amma a'a. Ɗanta na yi mata alkawari, abin da zan kai mata kuwa numfashi biyu ne, da ni a kansu. Kuma sai ta ji dalili daga bakina, tun daga yas ɗin har ƙaryar, kafin in danna. Jiya na shiga kicin da niyya, ta juyo ta ce, "Kayan sun iso?" Sai na ji kaina ina ba ta labarin wani mai babur da ya faɗa kwata. Har ta yi dariya.

Yanzu tana tsakar gida tana shanya. In na liƙe ambulan ɗin nan zan fita in ce ta zauna. Ki roƙa mini Allah ya kama mini bakin nan, in ta gama ji ta ce in sake sa mata, in sa, in yi shiru.

Naki har kullum,
Babanki