Kunnen Aro

Zuwa ga uwargida, ɗalibar ungozoma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya kewar gida? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ki, kuma matan da kuke kwana ɗaki ɗaya ba masu minshari ba ne. Mu nan lafiya lau muke ni da 'yarmu Auta, in ban da girkina, wanda ta ce tana tara ƙararsa sai kin dawo.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da bai cika shiri da biro ba. Laifin wayarki ne. Duk sanda kika kira sai in ji kamar daga cikin tulu kike magana, ina ta na'am, me kika ce, har kati ya ƙare. Direban da ke zuwa wajenku ya yarda zai riƙa miƙa miki saƙo.

Albishirinki. Makarantar makafi ta ba ni aikin akwatunan sifika huɗu, na ɗakin da yara ke zama su saurari littattafan da aka karanta aka naɗa musu. Malaminsu, wanda shi ma makaho ne, da kansa ya zo rumfata ta ƙofar gida da sandarsa, ya shafa katakon akwatin da ke bakin ƙofa tun daga sama har ƙasa kamar mai taya rago, ya ce ba ya son duma, wato sautin nan mai dukan ƙirji, ba gidan rawa zai buɗe ba. Murya yake so, wadda yaro zai saurara tun safe har azahar kansa bai yi ciwo ba. Na ce masa ai ya zo gidan murya.

Kin sha ganina ina naɗa wayar tagulla ina liƙa 'yan kwandensa a kan ɗan allo, kina cewa wasan yara da gemu. To wannan ɗan allon shi ne kurosoba, dillalin akwati. Sauti na shigowa a dunƙule, shi ke rabawa: mai nauyi ya tura wa babbar sifika, siriri mai kaifi ya miƙa wa ƙaramar ta sama, wato tuwita. Daidai inda rabon ya haɗu nan muryar mutum take zaune. In dillali ya kuskure, ko su biyun su kama magana tare murya ta koma tsawa, ko kowacce ta bar wa 'yar'uwarta murya ta faɗa rami. Wasu da na'ura suke auna wannan. Ni kunnena ne na'urata, kuma kaf layinmu an san haka.

Kada ki ji haushi, amma aiki na sauri tun da kika tafi. Babu mai leƙowa daga kicin da ludayi a hannu tana cewa in rage wannan tsuwar kafin ta fasa mata kai. Yanzu yadda na ji ya yi mini haka nake barinsa.

Abu ɗaya ne ya ɗan ɓata mini rai. Mai askin kwanar layi ya dawo da akwatin da na yi masa, wai yana soke wa mutane kunne, masu jiran layi na tashi. Na ce masa ya duba injin askinsa tukuna. Mai gidan kallon ƙwallo ma ya yi irin wannan ƙorafi, amma shi da mai aski abokai ne, kin san yadda ake haɗa baki.

Ki gaida malamanku. Ki ci abinci, kada ki dawo mana kamar tsinken tsintsiya.

Naki,
Mai Sifika

*

Uwargida,

Ina gaisuwa, ina kuma fata jarrabawar da kika ambata ta zo da sauƙi. Auta lafiya, tana gaishe ki. Ni ma jikina lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Na kai akwatin farko gwaji. Ɗakin dogo ne, siminti sama da ƙasa, benci a jere. Na jona, na sa muryar wata mata tana karanta labari, na koma gefe na harɗe hannu ina jiran yabo. A kunnena tas take fita. Da na duba sai na ga yara sun sunkuyar da kai, wata ta tura yatsu a kunne. Malam ya ɗaga hannu aka kashe. Ya ce, Injiniya, matar nan karatu take ko suya? Duk inda ta ce sa ko sha sai ka ji kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai.

Kin san bakina. Na ɗora wa ɗaki laifi, na ɗora wa wanda ya naɗi muryar, na kawo zancen wutar lantarki da ba ta tsayawa wuri guda. Ya bar ni na gama kaf. Sannan ya tambaye ni ko zan taimaka in kashe masa ƙarar agogonsa, ta dame shi. Na ce wace ƙara? Yara suka kwashe da dariya. Ashe tun ina zuba yake danna agogon hannunsa yana tsuwa, a gabana, tazarar da ba ta fi kamu biyu ba. Shi bai yi dariya ba. Ya ce yara su fita, ya matso, ya ce mini a hankali, ka je a duba maka kunne, ɗan'uwa.

Na je asibiti. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwatin da nake ƙerawa, suka ɗora mini abin ji a ka, aka ce in danna maɓalli duk sanda na ji ƙara. Da farko ina dannawa ina taƙama. Can sai shiru, ina hango likitar ta gilashi tana murɗa abu tana kallona, ni kuwa ina zaune da maɓalli kamar an ba ni ajiya. Na ɗan danna bisa kirdado ko Allah zai sa a dace, ta girgiza kai. Ta nuna mini zanen jina a takarda: layi ya taho a miƙe, yana isa wajen sauti siriri ya gangara kamar an tura shi rijiya, kunne biyun duka. Ta ce shekarun da na yi a bakin rumfa ina ƙure sifika don jawo masu saye su ne suka cinye shi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare saura.

Saboda haka wayarki lafiyarta ƙalau, kada ki canza. Mai aski ma gaskiyarsa.

A hanyar dawowa na fahimci abin da ya fi wannan nauyi. Ni ina ƙara wa tuwita wuta don in ji abin da kunnena ya daina kamawa, ke kina fitowa kina faɗa, ni kuma ina ragewa don a zauna lafiya, ina ƙunƙuni. Akwatin ya fita daidai, kasuwa ta yaba kunnen Injiniya. Ashe da kunnenki nake cin abinci ban sani ba, ko sannu ban taɓa yi miki ba.

Malam ya ce zai jira ni har a dawo hutu. In bai samu ba za su sayi na kamfani, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ba aikin makarantar ne kaɗai ke hana ni sukuni ba. In labari ya zaga layi cewa mai saita sauti ba ya ji, sai dai in koma sayar da batir da wayar caji. Hannuna bai san wata sana'a ba.

Kada ki ce za ki baro karatu ki taho. Na san ki. In kika zo ba zan buɗe ƙofa ba, kuma yanzu ina da hujjar cewa ban ji bugu ba.

Mijinki

*

Uwargida ran gida,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta faɗan da ke ciki har ƙarshe, na kuma lura a rubuce ma muryarki na fita tas. Na ji, zan koma a gwada mini na'urar ji. Na ji, na daina ƙure sauti a rumfa. Batun cewa kin daɗe kina zargin haka tun da na daina jin ƙarar ƙofar firij, da kin faɗa mini. Ko da yake na san amsar da zan ba ki a lokacin.

Ga inda aka kwana. Akwai wani mai ɗakin naɗar waƙa da na taɓa fitar da shi kunya, na je na aro makirfon awo da tsohuwar kwamfutarsa. Na ce masa wani gwaji nake na zamani, bai tambaya ba, ban ƙara ba. Ana kafa makirfon a gaban akwati, kwamfuta ta saki wata ƙara daga ƙasa har sama, sai ta zana layi. In akwati na da gaskiya layin zai kwanta kusan a miƙe. Nawa, uwargida, kamar an zana bayan raƙumi. Rami a tsakiya daidai mazaunin murya, sannan tsauni a sama inda nake ta zuba kaifi. Na daɗe ina kallonsa. Zanen asibiti ne aka kifa.

Tsaunin bai ba ni wuya ba, 'yan rizisto na sa a gaban tuwita suka rage mata zafin kai. Ramin ne ya sha ni. Na canza kwandensa, na warware naɗin tagulla na sake naɗawa, dalma ta ƙone ni a yatsa, rami na nan. Ashe sifikun biyu ne ke gardama a wurin, wannan na turawa waccan na ja, suna kashe juna. Na juya wayoyin tuwita, ja a mazaunin baƙi, na sake awo, sai ga rami ya cike. Da a ce haka ake sasanta mutane da na buɗe ofis.

Amma layi ba shi zai zauna a benci ba, don haka na je na ɗauko Malam a bayan babur. Yanzu kusan kullum da yamma yana rumfa, a kan kujerarki. Ni ina kallon layi, shi yana saurare. Da yake rabin maganarsa na wuce ni in sauti na tashi, mun yi yarjejeniya: babban yatsa sama a ƙara, ƙasa a rage, in ya shimfiɗa tafi in cire hannuna. Wani lokaci kwamfuta ta ce daidai, shi ya ce matar na magana ta hanci, in bincika in tarar akwai ɗan tudu da na raina. Wani lokaci shi ya rantse na taɓa wani abu alhali ban taɓa ba, in ce masa Malam shayi ne ya huce. Yana kirana kurman kasuwa, ina ce masa ya bi a hankali, ni ne mai babur. Ya kuma sa an rataya tsofaffin barguna a bangon ɗakin karatun, ya ce simintin ma yana da baki.

Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya fara leƙe yana tambayar me makaho ke yi a rumfata kullum. Na ga in na ɓoye shi zai tona, kuma da ƙari. Sai na riga shi. Na tara 'yan layi wajen mai shayi na ce kunnena ya yi ritaya, yanzu kowane akwati sai na'ura ta auna, sannan kunnen da ya fi na kowa a garin nan ya sa hannu. Na tambaye su wane ne a cikinsu ke da ko ɗaya daga biyun. Kowa ya koma kan kofin shayinsa. Mai aski dai ya ce in gyara masa nasa a sabon tsarin ya gani.

Saura gwajin yara. Ki sa mu a addu'a.

Naki har kullum,
Mai Sifika

*

Uwargida,

Ina gaishe ki, ina taya ki murnar haihuwar farko da kika karɓa da hannunki. Allah ya raya, ya sa hannun ya zama mai albarka. Auta ta yi ta tsalle.

An dawo hutu, mun kafa akwatunan huɗu. Malam ya hana a gaya wa yara komai, aka sa musu karatu kamar kullum. Zan faɗa miki gaskiya, da muryar ta fito na ɗauka na ɓata aikin. A kunnena dushe take, kamar ana magana a bayan ƙofa. Hannuna har ya kama hanyar aljihu wajen sukundireba. Na mayar da shi, na koma bayan ɗaki na tsaya.

Ba wanda ya sunkuyar da kai. Wata yarinya ta kwantar da haɓa a tafin hannu. Wani na gaba yana motsa leɓe yana bin karatun. Da aka zo wurin ban dariya, ban ji abin da matar ta ce ba, sai na ga benci gaba ɗaya ya girgiza. Aka kai ƙarshen babi Malam ya miƙa hannu zai kashe, suka yi masa caa wai a bar shi. Ya juyo saitin da yake jin numfashina ya ce, kurman kasuwa, ka ji ko in fassara maka? Na ce na gani, Malam. Ya ce shugabar makaranta na son biyu a ɗakin taro, in ban gaji da goya shi a babur ba.

Wannan shi ne mafi kyawun aikin da ya taɓa fita daga hannuna, kuma ni kaɗai ne a ɗakin ban ji daɗinsa ba. Na ɗauka abin zai yi mini ciwo fiye da haka. Na daɗe tsaye ina bin fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya, har Malam ya ce in zo mu tafi kafin a rufe ƙofa da mu.

Ki gama lafiya ki dawo. In kin zo ki riƙa fuskantata in za ki yi magana, ko faɗa ne, ba na son ko kalma ɗaya ta wuce ni.

Mijinki mai jiran ki,
Mai Sifika