Cikin Safi

Filinge, ran Talata

Zuwa ga Inna, a Tabla.

Gaisuwa mai yawa. Ina kwananku, ina zahi, ya ƙahwar taki? Dodo, kai ƙanena ne, ka karanta mata sannu sannu, rubutuna na karatun manya ne.

Inna, matata Safi ba lahiya. Tun jiya take amai da zawo, ciki na murɗa ta. Da hantsi na kai ta likita. Wata mata da munka iske bakin ƙohwa tac ce apandisi ne, wata 'yar hanji da ke kumbura, in ba a hidda ta ba sai ta hwashe mutum shi mutu. Nan ba a hiɗa, sai Yamai. Motar likita gobe take tahiya.

Babba nan wani dattijo ne, Manzo, ana ce mai majo. Ya danna cikinta hagu, ya danna dama, ya ɗauke hannu da sauri yana kallon huskarta. Ya sa ta yi tari. Ya tambaye ta amai ya hwara ko ciwo, tac ce amai. Ina ciwon yake, ta nuna ko'ina. Mi tac ci, tac ce tuwo. Sai ya zana mata alama da bikin rubutu ƙasan cibiya ta dama, yac ce a jira, kar a ba ta komi sai ruwan da shi ya haɗa.

Jira, Inna! Na durƙusa na roƙe shi ya sa ta mota. Yac ce in ciwon ya taru wurin alamar, ko jiki ya yi zahi, shi da kanshi zai raka ta. Amma yadda ta rame haka, ga hanya, ga wuƙa, ba shi aika ta a yanka sai ya tabbata. Ban gane ba. Kwana ashirin gare ni garin nan, ban san wanda zan kai ma ƙara ba. Ku yi muna addu'a.

Ɗanki Sahabi

Filinge, ran Juma'a

Inna, ina gaishe ki, da mutanen gida duka. Da hwatan kun samu ruwa rijiyar gabas.

Mota ta tahi ba da Safi ba. Na tsaya ina kallon ta har ta ɓace, raina ya ɓaci da majo ƙwarai. Shi ko bini bini ya zo, ya sa mata 'yar kwalbar awon zahi, ya danna wurin alamar. Ciwo bai taru ba. Da la'asar ya hidda ni waje ya sake tambayar ta.

Anza ta ci, Inna. Jar dawar taimako da anka ba mu ba ta isar mutum biyu. Sai ta riƙa tuƙa mini, ita ta ɗebo 'ya'yan anza daji ta ci. Kin san anza sai ta kwana da yawa cikin ruwa ana sakewa kahin ɗacin shi hita. Ruwa nan sai an bi layi, kwana biyu kaɗai ta jiƙa. Kunya ta hana ta hwaɗi gabana.

Da majo ya bi tawa, da yanzu an tsaga ta a Yamai ba a iske komi ba. Na je in ba shi haƙuri, yac ce gara da na kawo ta da wuri, don ciwon da nike tsoro yana kisa da gaske.

Jiya ta sha kunu, yau ta taka da ƙahwarta munka koma masauki.

Abin da na kasa ajewa shi ne, kullum in na dawo aikin bulo sai in iske kwano ruhe, in tambaya ta ce ta ci. Ban taɓa duba tukunya ba. Yanzu kwano guda muke ci, ita tana jin nauyi, ni ko ba ni sa hannu sai ta sa.

A gaida kowa. Allah shi kawo muna damina.

Ɗanki Sahabi